Baje Kolin Wata-Wata a Cibiyarmu ta Jidda: Tambayoyin da 'Yan Uwa Suke Yawan Yi Mana

Tun da muka fara buɗe zaure a farkon kowane wata, tambayoyi iri ɗaya ne suke ta dawowa. Wasu a bakin ƙofa ake yi mana su, wasu ta WhatsApp, wasu kuma a wajen ɗaurin aure, inda mutum zai ja ni gefe ya ce, "Malam, wai me kuke yi ne a gidan nan?" Ni marubucin hannu ne, ina cikin masu ɗakin aiki a wannan cibiya ta masu zane da aikin hannu, kuma ni ne Bahaushen da ya fi daɗewa a ciki. Shi ya sa aka ɗora mini amsa su da Hausa, domin mutanenmu na Jidda da Makka da waɗanda Umara ta kawo.

Mene ne baje kolin wata-wata?

Cibiyar gida ce mai ɗakuna da zaure ɗaya babba. Kowane mai fasaha yana da ɗakin da yake aiki, zauren kuwa na kowa ne. Duk wata sai mutum ɗaya ko biyu daga cikinmu su fito da abin da suka yi a ɗakunansu, a rataye shi a bangon zaure, jama'a su zo su gani. Larabawa suna kiransa ma'arad. Daren Alhamis muke buɗewa, bayan sallar isha'i, saboda tun 2013 hutun ƙarshen mako a Saudiyya ya koma Juma'a da Asabar, kuma mai aikin safe ba ya fargabar makara. Aikin yana yin mako uku a bango. Mako na huɗu na saukewa ne, a cike ramukan ƙusa, a shafe bango da farin fenti, wanda layi ya zo kansa ya fara shigo da kayansa.

Su wane ne "masu ɗaki"? A nan suke kwana?

A'a, ba mai kwana a nan. Wannan ruɗanin daga Larabci ya samo asali. Irin wannan zama ana ce masa iƙama fanniyya, mu kuwa da zarar an ce iƙama hankalinmu ya tafi kan katin zama da kafili da ofishin jawazat na shige da fice. Akwai dattijon da ya taɓa zuwa da ɗansa, yana zaton muna yi wa mutane takardun zama. Abin da ake nufi kawai shi ne an ba mai fasaha ɗaki na wani lokaci, ya ajiye kayan aikinsa, ya zo ya yi aiki, da dare ya koma gidansa. Abin da ke kansa shi ne ya baje aikinsa idan watansa ya zo, ya bar ƙofarsa a buɗe a ranakun baƙi, ya kuma koyar da yaran unguwa.

A cikinmu akwai 'yan ƙasa, akwai 'yan Sudan da Yaman, akwai mu. Akwai mai fenti, mai ginin tukwane, mai ɗaukar hoto, da wata Hajiya mai ɗinkin hula wadda zan dawo kan maganarta.

Me ya sa kowane wata? Sau ɗaya a shekara bai isa ba?

Bai isa ba, kuma a kan wannan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Mai fasahar da ya san sai bayan shekara za a ga aikinsa, wata goma zai yi yana cewa gobe. Wanda ya san watansa na nan tafe, kuma maƙwabcin ɗakinsa ya riga ya yi nasa, shi zai zauna ya gama. Ban da haka, baje kolin shekara-shekara taron manya ne: a sha ado, a yi jawabi, a watse. Na wata-wata kuwa yana zama kamar kasuwar ƙauye mai ranarta. Mutum ya rasa wannan, ya san wata na zuwa. Mai gadin ginin da ke kusa da mu ya fara leƙowa ne don sanyin na'ura. Yanzu shi ne yake gaya wa mai fenti cewa tekun da ya zana a wannan watan ya fi na wancan karon nutsuwa, kuma gaskiya yake faɗa.

Wani abin kuma shi ne ba sai aiki ya kammala tsaf ake nuna shi ba. Mukan rataya gwaji kusa da aikin da aka gama, domin mai kallo ya ga hanyar da hannu ya bi.

Ana biyan kuɗin shiga? Mata da yara suna zuwa? Sai na iya Larabci?

Ba a biyan ko riyal ɗaya. Mata suna zuwa, su ne ma suka fi yawa, kuma a zo da yara, sai dai a riƙe hannun ƙanana kusa da tukwane. Ba a neman wata shiga ta musamman. Akwai gahawa da dabino da shayi a daren buɗewa. Bayanin da ke gefen kowane aiki da Larabci yake, amma idan na san 'yan uwa za su zo nakan tsaya in fassara. Wanda zai taso daga Makka kuwa, ga jirgin ƙasan Haramain da ya fara aiki a 2018, ga motocin haya.

Malam, zane ba haramun ba ne?

Wannan ce tambayar da aka fi yi, kuma ba na jin haushin mai yin ta, domin tsoron Allah ne ya sa shi yi. Ni ba mai fatawa ba ne, amma ga abin da kowane ɗalibi ya karanta. Akwai hadisai ingantattu a Bukhari da Muslim da suka yi kakkausan gargaɗi ga masu suranta abu mai rai. A cikinsu akwai wanda wani mai sana'ar zane ya zo wa Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da su, ya ce da wannan sana'a yake ci, sai aka nuna masa ya koma zana bishiyoyi da abin da ba shi da rai. Daga nan malamai suka yi bayani. Malaman Malikiyya, mazhabar da akasarinmu muka tashi a cikinta, sun tsananta a kan mutum-mutumi cikakke mai inuwa, suka sassauta a kan zanen da ke shimfiɗe a takarda ko yadi. Malamai da yawa na ƙasar nan kuwa sun fi tsanantawa a kan duka biyun.

Abin da zan iya faɗa da yaƙini shi ne yawancin abin da ke hawa bangonmu ba ya cikin wannan saɓani ko kaɗan: rubutu ne, zayyana ce, saƙa ce, gine-ginen tsohuwar Jidda ne, teku da duwatsu. Idan a wani wata akwai zanen fuskar mutane, muna faɗa a sanarwa tun kafin ranar, wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya jira wata mai zuwa. Ba wanda zai ga laifinsa.

Aikin da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani kuma yana da nasa ladabi a wurinmu. Ba a jingine shi a ƙasa ko da na minti ɗaya ne lokacin ratayawa, ba a sa shi a bangon da ke kusa da makewayi, kuma mai saye ana tambayarsa inda zai ajiye shi.

To aikin hannu irin namu na Hausawa, yana shiga irin wannan wuri?

A kan wannan tambayar ne na yarda in rubuta shafin nan gaba ɗaya.

Hajiyar da na ambata ta shafe shekaru tana ɗinka hula a cikin ɗakinta, 'ya'yanta suna kai wa masu shago. Ranar da aka ce ta kawo aikinta zaure, sai ta rufe baki da mayafi ta ce, "Ɗana, hula ce fa." Muka roƙe ta ta kawo guda goma sha biyu, da guda ɗaya da ba ta gama ba. Wadda ba a gama ba muka shimfiɗa a ƙarƙashin gilashi, allura tana soke a jikinta, zaren yana reto, ana ganin layin biro da ta zana a farin yadi kafin ta fara bi da zare, rami bayan rami. A gaban wannan rabin hular mutane suka fi tsayawa. Wata malamar jami'a ta sunkuya tana ƙirga ramukan da yatsa a saman gilashi, ta kasa kaiwa ƙarshen layi ɗaya. Hajiya tana zaune a kujera a gefe, ba ta ce komai ba, amma washegari da sassafe ta riga kowa zuwa.

Mu ne muke raina abinmu. Ƙasar nan da kanta ta ɗauki zanen bango da matan Asir suke yi a ɗakunansu, wanda ake kira al-Ƙaɗɗ al-Asiri, ta kai shi gaban UNESCO, aka sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2017. Aikin mata ne a cikin gida, da fenti da yatsa, kamar yadda iyayenmu mata suke jere. Rigar Ka'aba da ake saƙawa a masaƙar Ummul Jud a Makka, baƙar alharini ce da aka yi wa ɗinkin hannu da zaren zinariya da azurfa. Mai ɗinka aska takwas a wuyan babbar riga ya san wannan zaman, ya san ciwon bayan da ke cikinsa. Muna da dagi da magina suke fitarwa a fuskar soro a Kano da Zariya da Damagaram. Muna da shuɗin marinar Ƙofar Mata, da jar fatar Sakkwato da majema suke jemewa da bagaruwa, da zanen ƙwarya, da faifai.

Kakanninmu da suka taho Hajji a ƙasa, suka ratsa Chadi da Sudan suka tsallako ta Sawakin, ba hannu rabbana suka iso ba. Tsirenmu ya shiga abincin Hijaz har da sunansa, ga shi nan ana ce masa siriyya a Makka da Jidda, Balarabe yana bin layi ya saya. Abin da ya yiwu ga tsire, ban ga dalilin da zai hana shi yiwuwa ga zayyana ba.

Na ga rubutunka bai yi kama da na Alƙur'anin Madina ba. Kuskure ne?

Ba kuskure ba ne. Mushafin Madina da Cibiyar Sarki Fahad take bugawa, rubutun naskhi ne na hannun Usman Ɗaha, kuma wanda ya fi yawo a hannun mutane ruwayar Hafsu ce. Mu a makarantar allo da ruwayar Warshu muka tashi, da rubutu mai kauri wanda ya samo tushe daga na Magrib. A namu, fa'un ɗigonta ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Wasali da jar tawada ake yi, hamza da rawaya. Duk lokacin da na baje aikina, sai an sami wanda ya matso a hankali ya ce na manta ɗigon ƙaf. Shi ya sa yanzu nake ajiye allo da alƙalamin gamba da kurtun tawada a kan tebur, in fiƙe alƙalamin a gabansu, in dama tawada da ƙaro, in rubuta harafin a salo biyu. Da aka sa rubutun Larabci a jerin UNESCO a watan Disamba na 2021, na ji daɗi ƙwarai, kuma na ƙara jin cewa namu reshe ne na wannan itaciya, ya cancanci bango.

Wa yake zaɓen abin da za a rataya, kuma yaya ake yi?

Mai aikin ne yake zaɓa, amma ba shi kaɗai ba. Mako guda kafin buɗewa mukan taru a ɗakinsa, a jera komai, kowa ya faɗi abin da ya gani. Kusan kullum shawarar ita ce a rage. Sabon shiga yana son ya cika bango har rufi, alhali aiki takwas masu sarari a tsakaninsu sun fi ashirin a cunkushe.

Ana rataya aiki yadda tsakiyarsa za ta zo daidai idon mai tsayuwa, wato wajen santimita 150 daga ƙasa. Aikin takarda da yadin rini ba sa son haske mai ƙarfi, yana cinye launinsu, don haka fitilar da ke kansu a rage take.

Babban abokin gabarmu a Jidda shi ne laima. Iskar teku tana ɗauke da ruwa da gishiri. Na taɓa kai rubutu uku wani shagon firam, suka manna takardar kai tsaye a jikin gilashi ba tare da kwali a tsakani ba. Na'urar sanyi ta tsaya kwana biyu a lokacin zafi, gilashin ya yi gumi ta ciki, tawadar ta bi shi. Aikin wata biyu ya tafi, har yau in na tuna raina yana ɓaci. Tun daga ranar ba mu rataya takarda sai da kwali mai raba ta da gilashi, kuma fata ba ta kwana a rufe cikin leda, domin fumfuna take yi.

Zan iya saye? Tsadar fa?

Za ka iya. Akwai takardar farashi a kan tebur, kuma ɗan jan ɗigo da ka gani manne a gefen aiki yana nufin an riga an saye shi. Wanda ka saya zai ci gaba da zama a bango har ranar saukewa. Kuɗin na mai aikin ne, ban da ɗan kason da cibiya take cirewa na wuta da fenti.

Game da ciniki, mun san halinmu, Bahaushe ba ya saye bai taya ba. Ba laifi ka nemi ragi cikin mutunci, amma ka tuna kwanakin da aka zauna a kan abin. Wanda aljihunsa bai kai ba ya tambayi ƙananan gwaje-gwaje da ke cikin ɗakin aiki. Sukan yi sauƙi, kuma wasu lokuta sun fi na bangon rai.

In na saya, yaya zan kai shi Kano ko Yamai bai lalace ba?

Cire shi daga firam, gilashi ba ya jure jifan kaya a filin jirgi. Zanen yadi a naɗe shi da faɗi, fuskar fentin tana waje, a zura cikin bututun kwali. Idan aka naɗe fentin ta ciki yana tsattsagewa. Fentin mai yana ɗaukar watanni kafin ya bushe har ciki, saboda haka tambayi mai aikin yaushe ya gama shi. Takarda a sa ta tsakanin kwali biyu masu tauri, ta shiga jakar hannu, nesa da turare da man shafawa.

Ɗana yana zane a bayan kowane littafinsa. Zai iya samun ɗaki?

Ɗaki na manya ne da suka riga suka yi nisa, kuma akwai layi. Mai nema yana kawo hotunan aikinsa, ya faɗi abin da yake son yi a lokacin zamansa, sai masu ɗaki su zauna su duba. Takardun zamansa su kasance daidai. Ba a tambayar shaidar makaranta, hannu ake dubawa.

Yaro kuwa a kawo shi ajin safiyar Asabar. Kuma Baba, don Allah kada a yaga littafin. A saya masa nasa na zane daban.

Azumi da lokacin Hajji fa?

Da azumi sai bayan tarawihi muke buɗewa. A watan Zulhajji ba ma sa sabon baje koli, domin rabinmu suna hidimar alhazai.

Ban da wurinku, ina kuma zan je in ga irin wannan a Jidda?

Fara da abin da kake wucewa kullum. Ƙaton keken nan da kowa yake kwatance da shi, aikin Julio Lafuente ne ɗan ƙasar Sifen. Shi da sauran manyan ayyukan da ke bakin teku, har da na Henry Moore da Joan Miró, sun zo ne zamanin da Muhammad Sa'id Farisi yake magajin gari, a shekarun 1970 da 1980. Sai Balad, tsohon gari, wanda UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2014. Tsaya a gaban Gidan Nasif ka ɗaga kai ka kalli sassaƙar tagogin katako da ake kira rawashin.

Akwai Hayy Jameel, cibiyar fasaha da aka buɗe a watan Disamba na 2021. Akwai gidan ayyukan Safiyya bin Zagar, wadda ta rasu a 2024. Ita da Munira Musalli sun baje zanensu a wata makarantar 'yan mata a Jidda tun 1968, lokacin da babu zauren da zai karɓe su, kuma ta ƙare rayuwarta tana zana sutura da al'adun Hijaz don kada a manta da su. Sannan akwai babban baje kolin fasahar Musulunci da ake yi duk bayan shekara biyu, wanda aka fara a 2023, aka sake a 2025. Inda ake yin sa ba baƙon wuri ba ne ga Bahaushe: ƙarƙashin fararen rumfunan tashar alhazai ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz, irin waɗanda iyayenmu suka shimfiɗa tabarma a inuwarsu suna jiran jirgin komawa gida.

In na zo na tsaya gaban aiki ban gane komai ba fa?

Tambayi mai shi, yana nan tsaye. Amfanin wurinmu ke nan a kan manyan gidajen tarihi: wanda ya yi aikin yana cikin zauren, ɗakinsa kuma taku goma ne daga bangon. Ka ce masa, "Da me ka yi wannan?" ko "Kwana nawa ya ɗauke ka?" Daga nan hira take buɗewa, sau da yawa ma sai ya ja ka ciki ya nuna maka wanda ya lalace kafin a sami wannan. Hoto da waya an yarda, amma a nemi izini tukuna, a kashe walƙiyar kyamara, kuma kada a ɗauki matan da suka zo kallo. Hajiya mai hula ta ce in gaya wa mata cewa tana ɗakinta ranar Litinin da Laraba bayan la'asar, wadda take son koyo ta zo da allurarta, zare akwai.